Guzurin Mai Neman Ilmin Hausa: Wa Ya Bayar, Wa Ya Karɓa?

Kalmar nan sikolashif baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Aro ce daga Turanci, an cusa wasali tsakanin baƙaƙenta biyu na farko, an kuma mai da na ƙarshe ya zama f, yadda Hausa ta saba yi wa baƙin kalmomi. Amma abin da ta ke nufi, watau ɗaukar nauyin ɗalibi har ya ƙare karatu, ya girme ta nesa ba kusa ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun wannan guzuri game da nazarin harshen Hausa, a ga wanda ya bayar, da wanda ya karɓa.

A zamanin da, jama'a su ne masu ɗaukar nauyi. Almajiri ya kan bar garinsu ya tafi wurin malamin da ya ji labarinsa, mutanen unguwa su ci da shi, attajirai su ba malaminsa zakka. Neman ilmi ne ya kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Maƙwabtanmu na gabas kuwa sun wuce haka, gama masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci wata makaranta da mutanen Kanem suka gina a Alƙahira wajen tsakiyar ƙarni na 13, suna aika mata da dukiya. Daga baya kuma aka keɓe wa ɗaliban Barno masauki a Azhar. Sai dai duk wannan hidima don Larabci da ilmin addini a ke yin ta. Hausa kuwa harshen da a ke fassara karatu ne da shi, ba wanda ya ɗauke ta fannin da za a yi wa tafiya.

To, abin mamaki, guzuri na farko da aka keɓe musamman don nazarin Hausa, a Ingila aka haɗa shi, kuma Bature aka ba. A farkon shekarun 1890 waɗansu Turawa suka kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa don tunawa da wani ɗan mishan, John Robinson, wanda ya mutu a Lakwaja cikin 1891. Suka tara kuɗi, suka zaɓi ɗan'uwansa, Charles Robinson, ya zama ɗalibinsu. Ya iso Kano cikin 1894, ya koma da rubuce-rubucen ajami, cikin 1896 aka naɗa shi malamin Hausa a Jami'ar Kambirij. Bukatar masu ba da kuɗin a fili ta ke: mishan na son fassara, 'yan kasuwa da masu shirin mulki na son harshen da za su yi hulɗa da mutane.

A irin wannan tsari Bahaushe ba ɗalibi ba ne, shi ne rijiyar da a ke ɗiba. Tun kafin Robinson, Dorugu ya bi Barth zuwa Ingila, daga bakinsa Schön ya rubuta da yawa daga cikin abin da ya buga. Haka kuma ƙamus ɗin Abraham na 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, amma a bugu na biyu, na 1962, sunan Abraham kaɗai ya rage.

Da Gwamnati ta fara ɗaukar nauyin 'yan Arewa, ba ta yi don harshe ba, ta yi ne don samun ma'aikata. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, malaman makaranta ta ke horarwa. Makarantar Shari'a ta Kano, ta 1934, alƙalai ta ke fitarwa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riga ya rubuta Shaihu Umar don gasar 1933, da ya tafi Landan cikin 1945, ilmin koyarwa aka aike shi ya karanta. Shi ne kuma abin da Malam Aminu Kano ya karanta can cikin 1946. Malam Abubakar Gumi da abokansa kuwa Bakhtar Ruda ta ƙasar Sudan aka kai su cikin 1954, domin Turawan mulki ba su amince da iskar siyasar da ke kaɗawa a Masar ba. Lalle mai ba da guzuri shi ke zaɓen hanya, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski.

Ƙofa ta buɗe ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita ma daga waje. Rahoton Scarbrough na 1947 ya sa Ingila ta ƙara kuɗi ga koyar da harsunan Asiya da Afirka, har sashen da ke Landan ya yi ƙarfi. Amurka kuma, bayan da Rasha ta harba tauraron ɗan'adam cikin 1957, ta yi doka cikin 1958 wadda ta zuba kuɗi ga koyon harsunan duniya, Hausa na ciki. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, tare da Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, sai aka sami matasan da za su shiga waɗannan ƙofofi. Malam M.K.M. Galadanci ya sami digirin dakta a Landan cikin 1969 bisa nazarin nahawun Hausa, shekara 75 ke nan bayan zuwan Robinson Kano. Malam Ɗandatti Abdulƙadir ya sami nasa a Indiyana cikin 1975 bisa waƙoƙin Mamman Shata. Su da tsaransu ne suka kafa ginshiƙin koyar da Hausa a jami'o'inmu.

Ba za a raina wannan alheri ba, gama da shi aka yi malaman malamanmu. Amma tarihin ya nuna abu guda: duk lokacin da aka buɗe wa Hausa taska a ƙetare, wata bukata ce ta masu taskar ta sa, ko wa'azi, ko mulki, ko tsoron abokin gaba. Bukata kuwa in ta biya, hannu ya kan janye. Saboda haka ya kamata sassan Hausa da kwalejojin horon malamai su waiwayi al'adar mutanen Kanem, su nemi sarakuna da attajirai su tsai da wakafi, ko da na ɗalibi ɗaya ne a shekara, wanda zai tafi ya tattara karin harshen Gobir ko waƙoƙin mata na daka, ba don wani ya bukata a waje ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.