Ba mu da dutse a Haɗejiya, amma ƙasa na zaftare mana

Duk lokacin da aka nuno hoton wani gari da tsauni ya rufto wa, irin abin da ya faru a Freetown ta Saliyo ranar 14 ga Agusta 2017, inda sama da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace, ko na Gofa a kudancin Habasha a watan Yulin 2024 da ya ci mutum sama da 200, sai mutanenmu su yi salati su ce Allah ya kyauta, mu dai Allah ya raba mu da wannan, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Gaskiya ne, daga Ringim har Guri ba ka ganin tsaunin da zai faɗo wa kowa. To amma abin da ke kayar da tsauni shi ne dai yake kayar da gaɓar kogi, da jinga, da katangar ƙasa: ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru, ruwan ya ratsa cikinta ya kwance riƙon da take yi wa kanta, sai ta sulale. Tudun da ke kanmu mu, mutum ne ya tara shi da hannunsa, kuma yana da tarihi.

Kafin 1974 kogin Haɗejiya kogin damina ne. Ruwan Kogin Kano da na Challawa su haɗu, su biyo ta Wudil, Ringim, Miga, Auyo, su wuce Haɗejiya su bazu a fadama, daga can su tarar da ruwan Jama'are su nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Da kaka ruwa ya janye, da rani kogi ya bushe har a tsallake shi da ƙafa. Wannan zuwa da komawar ita ta gina arzikin ƙasar: shinkafa a kan ambaliya, su idan ruwa ya fara ja, noman rani a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu. Kakanninmu sun san ruwan, shi ya sa tsofaffin garuruwa ke zaune a kan jigawa, fadama kuwa aka bar wa gona. Ko ganuwar Haɗejiya, wadda Turawa suka keta a 1906 lokacin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama, da ƙasa aka gina ta, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa ya san ba ya zama sai ana yi masa yaɓe akai-akai.

Sai aka yi fari na farkon shekarun 1970. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, tarin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a Ƙaraye, ga kuma madatsar da ke kusa da Auyo domin noman rani. Kada a yi rashin adalci, waɗannan ayyuka sun shayar da birnin Kano, sun raya Kadawa da Kura, tumatir da alkama da shinkafar da muke ci da rani daga nan da yawansu suke. Amma kogin da aka bar mana a ƙasa ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba.

Ga abin da ya canza, kuma nan ne zancen yake. Da, ruwan farko na damina yakan zo da ƙarfi ya share hanyarsa, rani kuma ya ƙone duk ciyawar da ta tsiro a ciki. Yanzu madatsu sun rage ƙarfin tahowar, sun kuma sa ruwa na tafiya a hankali shekara zagaye. Kachalla ba abin da take so sama da wannan. Ta kama bakin kogi, ta shiga tsakiya, ta tare yashi da laka, ƙasan kogi ya yi ta ɗagowa. Hanyoyin da suka saba ɗaukar ruwa irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya fi yawa a Marma wajen Nguru, gonakin da aka gada kaka da kakanni suka koma dausayi. Kachallar nan kuma ita ce masaukin tsuntsun jan-baki da ke cinye shinkafa da gero. Wato manomi ya rasa gona, wadda ta rage kuma tsuntsu ya taya shi girbi.

Kogin da cikinsa ya cike, ina zai kai ruwa idan damina ta yi ƙarfi? Sai gari. An gani a 2001. An gani a 2010, shekarar da gwamnatin Jigawa ta ɗora laifi kan sakin ruwan Tiga da Challawa, hukumar koguna kuma ta ce madatsun cika suka yi suka tumbatsa. An gani a 2012, da 2018, da 2020 lokacin da matasan Haɗejiya suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. A 2022 sama da mutum 100 suka rasu a faɗin Jigawa. Wannan musu na "an saki ruwa" da "ba a saki ba" duk shekara ake maimaita shi a nan Facebook, ni kam ya ishe ni, domin ko wanne ne gaskiya, wanda gidansa ke Auyo abin da yake bukata shi ne a gaya masa kwana nawa ya rage ruwan ya iso.

Ku lura da yadda ake mutuwar. Da yawa ba nutsewa suke yi ba, gini ne ke danne su cikin dare. Tushen katanga ya kwana biyu a cikin ruwa, ya jiƙe ya yi laushi, sama kuwa ga nauyin azara da ƙasar rufi. Wannan ai zaftarewar ƙasa ce a cikin ɗaki. Haka gaɓar kogi: ta fi faɗuwa lokacin da ruwa ya janye da sauri, domin ƙasar na nan cike da ruwa alhali abin da ke tokare ta ya tafi, kuma daidai lokacin ne mutane ke komawa gida suna ganin an tsira. Jinga ma haka. Ramin gafiya ko gidan gara ɗaya ya isa. Idan ka ga ruwa na tsattsafowa ta bayan jinga garai-garai, da sauƙi. Idan ya fara fitowa da laka, to cikinta yake kwashewa, a fitar da yara da tsofaffi tukuna sannan a nemo buhu. Kududdufan da aka haƙa don gini a da su ne ke karɓar ruwan unguwa, yau an cike da yawansu da shara an yanka filaye.

Bayan 2022 an sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, an buɗe wasu hanyoyi, an ɗaga jinga a wurare da dama, kuma gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an ba shi labarin ruwan nan ba. Sai dai kachalla tana dawowa muddin ruwa bai daina kwanciya ba, jingar da ta tsare wani gari kuma tura ruwan take yi ga maƙwabcinsa na gaba. Madatsun suna Kano a hannun Tarayya, ambaliyar tana Jigawa, ƙarshen kogin yana Yobe. Madatsar Bagauda, ita ma tarin ƙasa, ta ɓalle a watan Agustan 1988. Ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shiga tsakiyar Maiduguri cikin dare. Tiga ta haura shekara 50, kuma 'yan majalisarmu na Tarayya suna da hurumin neman a kawo musu rahoton binciken lafiyarta, su karanta mana shi a rediyo da Hausa.