Daga Yatsan Koci Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Yadda Aka Koyi Auna Gajiyar 'Yan Wasa

Ranar 15 ga Yuli, 1939, a birnin Milan na Italiya, wani Bajamushe mai suna Rudolf Harbig ya yi tseren mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 46.6. Sai da aka shekara 16 kafin wani ya karya wannan tarihi. Harbig bai ga ranar ba, don ya mutu a fagen yaƙi a 1944, amma mai horar da shi, Woldemar Gerschler, ya rayu ya bar wa duniyar wasanni gadon da take ci har yau.

Gerschler ba ya sa ɗan tsere ya yi ta gudu sai ya faɗi. Gutsuttsura masa nisan yake yi, mita 100 ko 200, a ruga, a ɗan huta, a sake. Bayan yaƙi, a birnin Freiburg, shi da likitan zuciya Herbert Reindell suka daidaita ƙa'idar: a yi gudu har bugun zuciya ya kai kusan 180 a minti, sannan a jira ya sauko 120. In daƙiƙa 90 suka wuce bai sauko ba, atisayen ranar ya ƙare, komai kwaɗayin koci. Kayan aikin duka agogo ne da yatsa a kan jijiyar wuyan hannu. Reindell ya kuma lura cewa a ɗan hutun nan ne zuciya take cika da jini sosai, nan ne take samun abin da ke ƙara mata ƙarfi. Josy Barthel, ɗan ƙasar Luksambur da ya ci zinare a mita 1,500 a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, ɗalibin Gerschler ne.

Bayanin dalilin hakan daga ɗakin gwaji ya fito. A 1936 Hans Selye, yana Montreal ta Kanada, ya nuna da ɓeraye cewa jikin da aka matsa wa yakan firgita da farko, sai ya daure ya saba, in kuma matsin ya ƙi ƙarewa ya durƙushe. A Leningrad, Nikolai Yakovlev ya gano cewa makamashin da tsoka ta ƙona yakan dawo bayan hutu, har ya ɗara na da. Lev Matveyev ya gina a kan wannan a shekarun 1960, ya raba shekarar ɗan wasa gida-gida: lokacin shiri, lokacin gasa, lokacin sauke gajiya.

Duk da haka tambayar koci tana nan: nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa? Wani masanin halayyar ɗan'adam a Suwidin, Gunnar Borg, ya bi hanyar da ta fi kowacce sauƙi, wato a tambayi mai jikin. Ya tsara ma'auni daga 6 zuwa 20, mutum ya nuna lambar da ta dace da wahalar da yake ji. Da gangan ya zaɓi waɗannan lambobi, don in aka ninka su da 10 sukan zo kusa da bugun zuciyar matashi, daga 60 yana zaune zuwa 200 yana iyakar ƙoƙarinsa. A 1975 kuma Eric Banister, a Kanada, ya sa lissafi a ciki. A ganinsa kowane atisaye yana barin abu biyu a jiki, ƙarfi da gajiya. Gajiya ta fi yawa da farko amma ta fi saurin tafiya, shi ya sa ake sassauta horo kwanaki kafin babbar gasa.

Daga nan na'urori suka shigo. Kamfanin Polar na Finlan ya fitar da agogon auna bugun zuciya mara waya a 1982. A farkon shekarun 2000 Ostireliya ta fara ɗaura wa 'yan wasa na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, kamfanin Catapult ya kafu a Melbourne a 2006, kuma a 2015 aka halatta sa irinta a wasan ƙwallon ƙafa na gasa. Ita ce ke cikin 'yar baƙar shimin nan da ake gani in ɗan wasa ya tuɓe riga. Tana ƙirga nisan da ya ci, sau nawa ya fizga da gudu, sau nawa ya taka burki.

Yawan alƙaluma ya jawo zumuɗi. A 2016 Tim Gabbett ya yaɗa wani lissafi da ke kwatanta aikin wannan mako da matsakaicin na makonni 4: tsakanin 0.8 da 1.3 lafiya lau, sama da 1.5 rauni na ƙofa. Ƙungiyoyi suka rungume shi da hannu bibbiyu. Ba a jima ba masana irin su Franco Impellizzeri suka nuna cewa lissafin yana da ɓaraka, kuma ba zai iya faɗin wanda zai ji ciwo gobe ba. Sukar tana kan hanya, don lamba ɗaya ba ta san wanda ya kwana yana jinyar ɗansa ba.

A shekarar 2016 ɗin ce kuma Anna Saw da abokan aikinta suka tattara bincike 56, suka tarar cewa amsar ɗan wasa game da gajiyarsa da yanayin ransa ta fi gwajin jini da bugun zuciya bin sawun nauyin horo. Wannan ya ƙara wa dabarar Carl Foster na Amurka daraja: minti 30 bayan atisaye a tambayi ɗan wasa wahalar da ya sha daga 0 zuwa 10, a ninka da mintocin. Minti 90 a mataki na 6 ya ba da 540. Littafi da biro sun ishi kocin da ba shi da ko sisin sayen na'ura.

Matsalarta ɗaya ce, kuma babba. Yaron da ya san cewa faɗin 9 zai sa a ajiye shi a benci ranar Asabar, 5 zai ce. Shi ya sa ake ba masu horarwa shawarar su karɓi amsar kowa shi kaɗai, ba a gaban abokan wasansa ba, kuma kada a yi amfani da amsar wajen zaɓen 'yan wasan da za su buga.