Bin Sawun Masu Cuta: Darasin Ibola ta 2014 da Korona ta 2020



Idan annoba ta ɓulla, aikin farko na jami'an lafiya shi ne bin sawu, wato a gano duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar, a riƙa duba shi har kwanakin hatsari su wuce. Sau biyu a tarihinmu na kusa aka yi wannan aiki a idon kowa, kuma sakamakon ya sha bamban.

Ranar 20 ga Yuli 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ibola. An matsa wa Dakta Stella Adadevoh lamba ta sallame shi daga asibiti saboda babban baƙo ne, ta ƙi. Ita ma ta kamu, ta rasu. Jami'ai sun bi sawun mutane kusan 900, suna zuwa gidajensu kullum har kwana 21, suna auna zafin jikinsu, ba a ware mai kuɗi da talaka ba. Wani jami'in diflomasiyya da ya sulale zuwa Fatakwal shi ya kai cutar can, likitan da ya duba shi ya mutu. Duk da haka mutum 20 kawai suka kamu, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ibola.

A 2020 sai Korona ta zo. Ta shigo ƙasar nan ta jirgin sama a watan Fabrairu, amma nauyin zargi ya faɗa kan almajirai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka cusa yara a manyan motoci, da yawa ba a gwada su ba. Sai da wasu suka isa Kaduna daga Kano aka gano suna ɗauke da cutar. A farkon Mayu gwamnatin Taraba ta ƙi karɓar yara kimanin 100 da aka kawo Jalingo daga Nasarawa, aka juya da su.

Yaron da aka kwashe daga tsangaya aka tura wata jiha, wa zai iya bin sawun waɗanda ya kwana da su? Kuma wanda ya ga ana tozarta wanda aka gano, ɓoye zazzaɓinsa zai yi.

Mu a Iware muna kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, kasuwar shanu tana tara baƙi daga ko'ina, ga zazzaɓin Lasa da kwalara ba su daina leƙo Taraba ba. Idan jami'ai sun zo, mu faɗa musu gaskiya. Mu kuma nemi doka ɗaya ga alhaji da ɗan dako, a rufa asirin wanda aka killace, a ciyar da iyalinsa.

Allah Ya kare mu daga annoba, amin.