Daga Hatimi Zuwa Sa Hannun Dijital: Tarihin Gaskata Takarda



Waɗanda suka halarci taronmu na watan jiya sun ji abin da ya faru. Wani ya ɗauki hoton sa hannun shugabanmu daga wata tsohuwar wasiƙa, ya manna shi a ƙasan takardar neman gudummawa, ya baza a WhatsApp da lambar asusun da ba tamu ba. Kafin mu farga wasu bayin Allah sun riga sun tura kuɗi. Duk wanda muka tambaya amsarsa ɗaya ce: "Ai na ga sa hannun Alhaji." Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin sa hannu, mu san wanda za mu amince da shi a takardar da ta zo ta waya.

Tun da aka fara aika wasiƙa, mai karɓa yana neman amsar tambaya biyu: wane ne ya rubuto, kuma an taɓa abin da ke ciki a hanya? Mutanen da sun amsa da hatimi. Malamai sun karantar da mu cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) zai aika wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa yana bugawa da shi. Haka sarakunan Sakkwato da na Barno suka riƙa buga hatimi a wasiƙunsu. Ƙarfin hatimi shi ne guda ɗaya ne, kuma yana hannun mai shi.

Kakanninmu da suka sauka a kudu, irin waɗanda suka zauna Sabon Ibadan tun kafuwarta a 1916, da wata hanyar suka dogara. Shanu su gangaro, goro ya hau arewa, yawanci bashi ne, kuma ba takarda. Maigidan da fatake ke sauka wurinsa shi ne shaida, shi ke cewa "na san shi, na tsaya masa." Da mulkin Turawa ya kafu sai kotu da banki suka ce a sa hannu ko a dangwala yatsa. Wannan ya yi aiki muddin takardar asali ce ke yawo. Da na'urar kwafi da kwamfuta suka zo, sa hannu ya koma hoto da kowa zai iya yankewa ya liƙa inda ya ga dama.

Maganin ya fito daga masana lissafi a Amurka. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo tunanin mutum ya mallaki mabuɗi biyu masu alaƙa da juna: na sirri da zai ɓoye, da na fili da zai ba kowa. A 1977 wasu uku a jami'ar MIT, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman, suka samo lissafin da zai yi aikin, aka kira shi RSA daga farkon sunayensu.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta tana karanta takardar gaba ɗaya ta fitar da wata gajeriyar lamba da ta keɓanta da ita, kamar zanen yatsa. Mai takardar ya hatimce lambar da mabuɗinsa na sirri. Mai karɓa kuma na'urarsa ta gwada da mabuɗin fili. Idan wani ya ƙara sifili ɗaya a kan kuɗin, ko ya sauya lambar asusu, lambar ba za ta dace ba, nan take na'ura ta nuna an taɓa takardar. Sa hannun dijital a ɗaure yake da takardarsa, ba ya ciruwa a kai shi wata. Saura tambaya ɗaya: wa ya ce mabuɗin na wane ne? A nan aka koma dabarar kakanninmu. Akwai kamfanoni da hukumomi da aikinsu shi ne su tantance mutum su ba shi takardar shaida ta dijital, wato su tsaya masa kamar yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa.

Doka ta biyo baya. Jihar Yuta ta Amurka ta yi dokar sa hannun dijital a 1995. Tarayyar Turai ta fitar da nata tsarin a 1999. Ranar 30 ga Yuni 2000 Shugaba Bill Clinton ya amince da dokar ƙasa baki ɗaya, har ya yi amfani da katin lantarki wajen sa mata hannu. Ƙasar Istoniya ta fara ba 'yan ƙasa katin shaida mai ɗauke da mabuɗin sa hannu a 2002.

A Nijeriya, Dokar Shaida ta 2011 ce ta buɗe ƙofa: sashe na 84 ya ba kotu damar karɓar takardar da ta fito daga kwamfuta, na 93 kuma ya amince da sa hannun lantarki. Gyaran da aka yi mata a 2023 ya ambaci sa hannun dijital da sunansa. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 17, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ga wanda ya ƙirƙiri sa hannun wani ta na'ura don yaudara. Ta kuma ware wasu abubuwa da ba a gama su da irin wannan sa hannu, kamar wasiyya, takardar haihuwa da ta mutuwa, aure da saki.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: hoton sa hannu ba sa hannun dijital ba ne. Na gaskiya ana duba shi a manhaja irin Adobe Acrobat Reader, ta nuna sunan mai shi, da wanda ya tantance shi, da ko an sauya wani abu bayan an sa hannu. Da zarar an ɗauki hoton takardar ko an buga ta a kan farar takarda, wannan shaidar ta tafi.

Mu a ƙungiya ba mu kai ga mallakar irin wannan sa hannu ba tukuna, muna kan bincika hanyarsa da kuɗinsa. Kafin nan, duk takardar neman kuɗi da ta zo muku da sunanmu, ku kira shugaba ko ma'aji a lambar da kuka sani tun da, kada ku kira wadda ke jikin takardar. Matasanmu masu neman aiki da masu sayen fili su ma su kiyaye. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya tsare mu daga sharrin mayaudara.

Sakataren Ƙungiya