Tarihin Dokar Ajiye Takardun Gwamnati a Najeriya: Wace Takarda Ake Ajiyewa, Wacce Ake Ƙonawa?



Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da yawancinmu ba ma tunawa da shi sai ranar da buƙata ta taso, wato dokokin da suka tsara yadda ma'aikatun gwamnati za su ajiye takardunsu. Duk wanda ya taɓa bin kuɗin fanshon mahaifinsa, ko takardar fili, ko shaidar rabon rumfa a kasuwa, aka ce masa "ba a ga fayil ba", ya san nauyin wannan magana. Mu da muke zaune a Kudu abin ya fi shafar mu, domin sau da yawa takarda ce kaɗai shaidar cewa kakanninmu sun zauna a wuri da izinin hukuma.

Ajiye takardar mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Daular Sakkwato, ofishin Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan da ke ƙarƙashinsa, tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Zuriyarsa ta riƙe waɗannan takardu har zuwa kan Waziri Junaidu, kuma da su ne masani Murray Last ya dogara sosai wajen rubuta littafinsa na tarihin daular da ya fito a 1967. Sai dai wannan ajiya ta gida ce da amana. In magaji ya kula, takarda ta rayu, in bai kula ba, gara ta cinye.

Da Turawa suka zo sai takarda ta yi yawa. Razdan na rubuta wa Gwamna, Di'o na rubuta wa Razdan, En'e na riƙe da littattafan haraji da jangali, kotunan alƙalai na da nasu kundin shari'a. Amma duk da yawan rubutun nan, an shafe kusan shekara hamsin babu wani gida guda da aka ware domin tsofaffin fayiloli. Ana jibge su ne a sito da bayan ofis, inda ruwan sama da gara da ɓeraye ke yi musu ɓarna.

Wanda ya tashi tsaye a kan lamarin shi ne Dakta Kenneth Dike, masanin tarihi ɗan asalin Awka, wanda daga baya ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Daga 1951 zuwa 1953 ya zagaya ofisoshin gwamnati yana duba halin da tsofaffin takardu ke ciki, ya rubuta rahoto ya ba da shawarar a kafa ofishi na musamman. A 1954 aka buɗe ofishin adana takardun gwamnati a nan Ibadan, shi ne kuma ya fara jagorantar sa. A 1957 aka yi dokar farko da ta ba ofishin ƙarfin hukuma, sannan aka gina masa mazauni a cikin harabar jami'ar. Aka kuma yi rassa a Kaduna da Inugu, daidai da jihohi uku na wancan lokaci. Har gobe mai neman fayilolin lardunan Arewa, irin na Kano da Sakkwato da Zariya, Kaduna zai nufa, inda kuma akwai tarin rubuce-rubucen Larabci. Mai neman na tsohuwar Jihar Yamma kuwa Ibadan zai zo.

A daidai shekarun da Dike ke faman ceto takardu, gwamnatin Ingila na shirin ɓatar da wasu. Yayin da ƙasashen da ta mallaka ke karɓar 'yancin kai, an ba jami'anta umarni cewa duk fayil ɗin da zai iya kunyata gwamnatin Ingila kada a bar wa sabuwar gwamnati. Wasu aka ƙone, wasu aka zuba a akwatuna masu nauyi aka jefa teku, wasu aka kwashe zuwa Ingila a asirce. Asirin bai tonu ba sai a 2011, bayan da wasu tsofaffi 'yan Kenya da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau suka kai ƙara kotu a Landan. Dole ta sa gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da fayiloli kusan 8,800 daga tsofaffin ƙasashen mallakarta 37 a wani wuri da ake kira Hanslope Park, kuma akwai na Najeriya a ciki. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar mutum 5,228. Da an ƙone waɗannan fayiloli kamar sauran, da tsofaffin nan sun mutu ana ce musu ba su da hujja.

Mu ma nan gida mun ga aikin tsohuwar takarda. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke a 2002, wanda ya ba Kamaru yankin Bakasi, ya dogara ne ƙwarai a kan yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka sa wa hannu a 1913. Takarda mai shekara kusan casa'in ta raba dubban mutane da ƙasar da suka sani.

To, tunda takarda na da wannan ƙarfi, me ya hana a ajiye komai? Amsar ita ce ba zai yiwu ba. Ma'aikata guda tana iya cika ɗaki da takardu a shekara ɗaya, kuma yawancinsu na yau da gobe ne: takardar neman hutu, rasiɗin sayen man mota, sanarwar taro. In aka tara komai, takardar fili mai muhimmanci za ta nutse cikin tarkace. Ko Amurka, da duk kuɗinta, abin da take ajiyewa har abada bai wuce kashi 5 cikin 100 na takardun gwamnatinta ba. Wannan ne ya haifar da abin da ake kira jadawalin ajiya da zubarwa.

Jadawalin nan jeri ne da ake rubutawa tun kafin takarda ta tsufa. Ana lissafa kowane irin fayil da ma'aikata ke buɗewa, a rubuta shekara nawa zai yi a rajista ana aiki da shi, shekara nawa zai yi a ɗakin jira bayan an rufe shi, sannan a faɗi makomarsa: ko a lalata shi, ko a miƙa shi gidan adana takardun tarihi. Ana duba abu uku wajen yanke wannan hukunci, wato amfaninsa ga aikin ofis, amfaninsa a gaban kotu ko masu binciken kuɗi, da amfaninsa ga tarihi. In lokacin lalatawa ya yi, sai an sami izini a rubuce, a kuma rubuta abin da aka lalata. Babban amfanin wannan tsari shi ne yana raba zubarwa ta halal da ɓatarwa ta ha'inci. Inda akwai jadawali, in fayil ya ɓace akwai wanda za a tambaya, domin ko dai yana cikin jerin waɗanda aka lalata da izini, ko kuwa wani ya yi gaba da shi. Inda babu jadawali, kowa na iya ɗaga kafaɗa ya ce bai sani ba.

Rashin wannan tsari ne ya sa gobarar ofisoshin gwamnati ke tayar da zargi a ƙasar nan. A Disambar 1981 wuta ta cinye ginin da Ma'aikatar Harkokin Waje ke ciki a Legas. A Janairun 1983 kuma dogon benen hukumar sadarwa ta ƙasashen waje, shi ma a Legas, ya kama da wuta, jama'a da yawa suka yi zargin an yi ne don a ɓatar da shaidar almundahana. Ba mu ce kowace gobara da gangan ake tayar da ita ba. Abin da muke cewa shi ne, in babu lissafin abin da ke cikin ɗaki kafin wuta, babu mai iya faɗin abin da wuta ta ci.

A 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka fitar da dokar soja mai lamba 30 wadda ta maye gurbin ta 1957, kuma ita ce ake aiki da ita har yau. Wannan doka ta wuce batun tsofaffin takardu kawai, ta shiga cikin ofisoshi. Ta ce kowace ma'aikata ta naɗa jami'in da zai kula da takardunta, a tsara jadawalin ajiya da zubarwa, kada kuma a lalata takardar gwamnati ba da izini ba. Ta kuma sanya shekara 25 a matsayin wa'adin da jama'a za su iya duba takardun da aka miƙa gidan ajiya, in ban da waɗanda aka keɓe saboda wani dalili.

Sai dai ajiyewa daban, nunawa daban. Tun 1962 akwai Dokar Sirrin Gwamnati, wadda ta sa ma'aikaci ke tsoron nuna wa ɗan ƙasa ko da takardar da ta shafe shi. A 1993 ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fara fafutukar a yi dokar 'yancin samun bayanai. Majalisa ta amince da ita a ƙarshen mulkin Cif Olusegun Obasanjo, amma ya sauka a 2007 bai sa hannu ba. Sai a ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, bayan shekara 18 ana jira.

Ga abin da ya kamata kowannenmu ya sani a cikinta. Kana da ikon neman bayani daga ma'aikatar gwamnati ba tare da ka faɗi dalilinka ba. Ma'aikatar na da kwana 7 ta ba ka, ko ta rubuto maka dalilin hanawa, in ba ka gamsu ba ka tafi kotu. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. In kotu ta tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. Jami'in da ya lalata takarda da gangan, ko ya sauya abin da ke cikinta kafin ya miƙa, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne a kansa. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau kansu, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo.

Dokar 2011 ita ce ta yi suna, amma a kan ta 1992 take tsaye. Kotu na iya tilasta wa ofis ya buɗe maka durowa, amma ba ta iya dawo da fayil ɗin da ruwa ya jiƙa shekara goma da suka wuce. Shigowar kwamfuta ma bai kashe matsalar ba, domin na'ura na lalacewa, kuma saƙon aiki da jami'i ya tura ta WhatsApp ɗinsa yana tafiya da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Unguwar Sabo ta nan Ibadan an kafa ta tun 1916. Yanzu babu ko mutum ɗaya da ya ga ranar da aka yi rabon filayen nan da idonsa, sai abin da aka ji a bakin dattawa da abin da aka rubuta. Haka abin yake a yawancin zangonnin Hausawa na Kudu. Don haka muna kira ga 'yan uwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: duk takardar da ka miƙa wa ofis ka riƙe kwafinta mai hatimin karɓa, ka rubuta lambar fayil ɗinka a wuri na daban, ka ɗauki hoton takardun fili da na rumfa ka ba magadanka. Ɗalibanmu da ke jami'a su riƙa leƙa gidan adana takardun nan, su nemo abin da aka rubuta game da unguwanninmu. Shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyi irin tamu kuma mu zauna mu tsara namu jadawalin, mu san littafin taro da takardun kadara ba a zubar da su har abada, mu kuma yanke shekarun da rasiɗai za su yi kafin a rabu da su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana haƙƙoƙinmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Daga ofishin Sakataren Ƙungiya.