Karen Cikin Tarko da Ƙofar da Ba a Komawa

Duk wanda ya taso a Gyadi-Gyadi ko Tarauni zamanin PlayStation 2 ya san gidan gem: shago ɗan ƙarami, talabijin biyu ko uku, benci, ga janareto yana kuka a waje. Yawancin yara ƙwallo suke bugawa. Mu 'yan tsiraru muka maƙale wa Resident Evil 4, wanda ya fito a 2005.

A farkon wasan akwai kare da tarko ya kama wa ƙafa. Ni dai wucewa na yi, don kuɗin tara na biya kuma lokacina yana tafiya. Sai da na sha wuya a hannun ƙaton nan El Gigante, wani yaro a bayana ya ce, "Kai, ba ka ceci karen ba? Ai da ya zo ya taya ka." Komawa kuma babu, na riga na yi sebin a kai.

Wannan mugunta tana da tarihi. A 1990 kamfanin Sierra a Amurka ya fitar da King's Quest V. A ciki kyanwa za ta biyo ɓera. In ba ka jefe ta ba, can gaba za a ɗaure ka a ɗakin ƙasa, babu ɓeran da zai cinye igiyar. Akwai kuma kek da in ka ci don yunwa, ka rasa abin jifan dodon ƙanƙara. Wasan ba zai ce maka komai ba. Sai ka yi awanni kana yawo, alhali tuni ka faɗi.

A shekarar dai Ron Gilbert ya fito da The Secret of Monkey Island, aka tsara shi yadda ba za ka taɓa maƙalewa don ka bar wani abu a baya ba. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, amma a hankali. The Witcher 3 na 2015 da Cyberpunk 2077 na 2020 sukan tsayar da kai su ce: daga nan babu komawa, kammala abin da ya rage.

Maganin da 'yan wasa suka gano tun da can shi ne sebin a gurabe daban-daban. To mu ina muka ga wannan gatan? Memori kad ɗaya ce mai megabayit 8, ta mai shago, unguwa guda ke rabawa. Gurbi ɗaya gare ka, shi ma in wani bai goge ba. Ni a ganina wanda ya gama wasa a haka ya fi na yau jarumta, ko da za ku ce son kai ne.

Da aka sake yin wasan a 2023, na ari na abokina a Tarauni. Ina jin kukan karen na ajiye komai na nufi tarkon.