Barin Shan Taba da Taimakon Filastar Nikotin: Bayani ga Jama'ar Unguwar Gai da Kewaye

Mun tanadi wannan bayani domin al'ummar mazaɓar Unguwar Gai ta ƙaramar hukumar Kibiya da maƙwabtansu na Rano, tare da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan lafiya waɗanda jama'a ke kawo wa tambayoyi game da yadda ake rabuwa da sigari.

Binciken da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba, kuma a cikin maza adadin ya kai kashi 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba na hallaka fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba, sai dai hayaƙin wasu da suke shaƙa a ɗaki ko a mota. A ranar 9 ga Mayu, 2007, Gwamnatin Jihar Kano ta shigar da ƙarar kamfanonin taba a kotu, tana neman diyyar kuɗin da ake kashewa wajen jinyar masu shanta.

Dalilin da ya sa bari yake da wuya

Abin da ke riƙe mashayi shi ne sinadarin nikotin. Da zarar an zuƙi hayaƙi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuwa sai ta saba, har ta riƙa nemansa kamar yadda ciki ke neman abinci. Idan aka daina, sai mutum ya ji saurin fushi, da rashin barci, da kasa tattara hankali, da yawan jin yunwa. Wannan hali ya fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda, sannan yana raguwa cikin mako 2 zuwa 4. A cikin waɗannan kwanaki ne akasarin masu niyya suke komawa ruwa, kuma bai dace a ɗauke su a matsayin marasa zuciya ba, domin jiki ne yake neman abin da aka saba masa.

Sai dai a lura, nikotin ba shi ne babban mai haddasa ciwon daji ba. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. A kan wannan bambanci aka gina hikimar filastar: a bai wa jiki nikotin ɗin da yake nema kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi ba, a kuma riƙa rage shi har a yaye shi gaba ɗaya.

Yadda ake amfani da ita

Filasta ce mai laushi da ake mannawa a fata, tana sakin nikotin a hankali ta cikin fatar zuwa jini. An fara sayar da ita a Amurka a farkon shekarun 1990, kuma a shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta, tare da cingam mai nikotin, cikin jerin muhimman magunguna. Nazarce-nazarce sun nuna cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara yiwuwar barin taba da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari idan aka kwatanta da ƙoƙari ba tare da su ba. Wannan taimako ne mai yawa, amma ba ya maye gurbin niyya.

Irin wadda ake sawa awa 24 tana zuwa da ƙarfi uku, miligiram 21 da 14 da 7. Wanda ke shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da mai 21 na tsawon mako 6, ya koma mai 14 na mako 2, ya kammala da mai 7 na mako 2. Wanda bai wuce kara 10 ba yakan fara ne daga mai 14. Akwai kuma irin da ake sawa awa 16 a cire lokacin kwanciya, wadda ma'auninta ya sha bamban, saboda haka a bi abin da aka rubuta a jikin kwali da shawarar likita.

Ana manna sabuwa kowace safiya a fata mai tsabta, busasshiya, marar gashi, kamar dantse ko ƙirji ko kwiɓi, a danne ta da tafin hannu na ɗan lokaci. A riƙa sauya wuri kullum domin kada fata ta yi ja. Kada a shafa mai ko basilin a wurin, kuma kada a yanka ta biyu da nufin tattali. Mun san yawancin mutanen wannan yanki manoma ne, kuma gumin noma da zafin bazara na iya ɓamɓare ta. A manna ta kafin a fita gona, a inda riga ba ta gogawa sosai, idan ta faɗi a sa wata. Kwalin kuma a ajiye shi a inuwa, nesa da rana da murhu.

Muna jan hankalin iyaye a kan wadda aka cire. Akwai sauran nikotin a jikinta wanda zai iya cutar da ƙaramin yaro idan ya tsince ta ya tauna. A ninke ta ɓangaren gam ya haɗu, a jefa ta inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Ƙaiƙayi a fata da mafarkai masu yawa da ƙarancin barci abubuwa ne da aka saba gani, kuma cire ta da dare yakan rage matsalar barcin. Amma jiri da tashin zuciya da bugun zuciya da sauri alamu ne na cewa ƙarfin ya yi yawa, sai a cire a nemi ma'aikacin lafiya. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda bai daɗe da samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kada su fara sai da izinin likita. Masu shan maganin ciwon sukari ko na taɓin hankali su sanar da likitansu, domin barin taba kan sauya yadda wasu magunguna ke aiki a jiki. Masu sa taba gari a baki ko a hanci su ma nikotin ne ya kama su, sai dai ba a ƙirga nasu da kara, don haka likita ne zai yanke musu ma'auni.

Inda za a nema

Ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye wannan filasta ba, kuma da yake daga waje ake shigo da ita, ba ta da arha. Muna ba da shawarar a fara da cibiyar lafiya ta mazaɓa ko Babban Asibitin Rano, inda za a auna hawan jini a kuma duba ƙirji, musamman ga wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye, domin shan taba na ƙara haɗarin tarin fuka. Idan za a saya a cikin Kano, a je kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda bai samu ba kada ya fasa. A jagorar da ta fitar a shekarar 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci wasu ƙwayoyi da likita ke rubutawa, ta kuma nuna cewa ko gajeriyar nasiha daga ma'aikacin lafiya tana da tasiri.

Filasta ba ta maganin sabon hannu da baki. Wanda ya saba kunna kara a teburin mai shayi, ko bayan ya ci goro, ko a majalisar dare, ya kamata ya sauya wurin zama na 'yan makonni, ya sanya rana, ya shaida wa iyali da abokai. Watan azumi dama ce, tun da mutum ya riga ya wuni bai sha ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa filastar magani da ake mannawa a fata cikin abubuwan da ba sa karya azumi, ko da yake mai shakka ya tuntuɓi malamin garinsu.

Ga shugabannin al'umma

Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a kamar asibitoci da makarantu da motocin haya. Sayar da kara ɗaya-ɗaya shi ne ƙofar da yara ke shiga, kuma shi ne ke mayar da wanda ya daina, domin ba ya ganin ya kashe wani kuɗi. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su tunatar da masu tireda wannan doka, su kuma yi amfani da ranar 31 ga Mayu, Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya, wajen gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a bayani a ƙofar fada ko a kasuwa.